Asalin Iyaye Da Ƙasar Haihuwa: Dole Ne Ɗan Baƙo Ya Zaɓi Ɗaya?

Shin mutum zai iya riƙe harshen iyayensa da addininsu da sunan da suka raɗa masa, kuma ya zama cikakken ɗan ƙasar da aka haife shi, ba tare da ana yi masa kallon mai ƙafa ɗaya a waje ba? Tambayar nan takan taso duk sa'ad da zaɓe ya gabato a Turai ko Amurka, ko aka kai wani hari, kai har ma idan ana babbar gasar ƙwallon ƙafa.

A watan Yulin 2018 Mesut Özil ya sanar da cewa ya daina buga wa Jamus ƙwallo. A garin Gelsenkirchen na Jamus aka haife shi, asalin gidansu Turkiyya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Jamus Kofin Duniya a 2014. Da ya ɗauki hoto da Shugaba Erdogan na Turkiyya, sannan aka yi waje da Jamus tun a zagayen farko a gasar Kofin Duniya ta Rasha, sai aka yi masa caa. A takardar da ya rubuta ya ce idan an yi nasara shi Bajamushe ne, idan an sha kashi kuwa baƙo ne.

A cikin wannan wata dai Faransa ta ɗauki kofin, da 'yan wasa da yawa waɗanda iyayensu suka fito daga Afirka. Trevor Noah, mai shirin talabijin a Amurka a lokacin, ya ce ai Afirka ce ta ci. Jakadan Faransa a Amurka na lokacin, Gérard Araud, ya aika masa da wasiƙa yana cewa waɗannan yara Faransawa ne, kiransu 'yan Afirka tauye musu wannan matsayi ne. Noah ya mayar da martani da tambayar me zai hana su zama duka biyun.

Ƙorafi biyu ke nan masu kama da kishiyoyin juna. Ɗaya yana kukan ana tuna masa asalinsa don a nuna masa ƙofa, ɗaya yana kukan ana shafe asalin don a rungume shi. Dukansu daga rijiya ɗaya suka ɗebo, wato tunanin cewa asali da zama ɗan ƙasa kamar sikeli ne, idan ɗaya ya ɗaga dole ɗaya ya sauka.

Su wa ake nufi, kuma me ake ja a kai?

Kalmar "baƙo" takan haɗiye mutane iri-iri waɗanda halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan gudun hijira da yaƙi ko zalunci ya koro. Akwai ɗan ci-rani da ya zo neman aiki ko karatu da izini. Akwai baƙon haure da ya shigo ba takarda. Akwai wanda ya daɗe har ya nemi zama ɗan ƙasa aka ba shi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2020 mutum kimanin miliyan 281 ne suke zaune a wata ƙasa da ba a cikinta aka haife su ba, wato kashi 3.6 cikin ɗari na mutanen duniya.

Sai dai mafi zafin muhawarar ba a kan waɗannan take ba. A kan 'ya'yansu da jikokinsu take, waɗanda ba su taɓa yin ƙaura ba, ba su san wata ƙasa ba sai wadda suka buɗe ido suka gani. Wanda ya taso da jakarsa ya san ya baro wani wuri, yana da inda zai ce can ne gida. Ɗansa ba shi da wannan. Idan aka ce masa "koma ƙasarku", babu inda zai koma.

Zama ɗan ƙasa kuma hawa biyu ne. Hawan farko na takarda ne: fasfo, ƙuri'a, kariyar doka. A nan ƙasashe sun rabu. Wasu suna duba inda aka haifi mutum, kamar Amurka tun gyaran tsarin mulki na 14 a 1868, da Kanada. Wasu suna duba jini, wato ɗan wa ne kai. Hawa na biyu shi ne karɓuwa, kuma babu ofishin da ke bayar da ita. Ana ganinta a fuskar maƙwabci, a bakin ɗan sanda, a teburin mai ɗaukar ma'aikata. Ana jin rashinta a tambayar nan da ’ya’yan baƙi suka haddace: a ce "daga ina kake?", ka faɗi garin da aka haife ka, a sake cewa "a'a, ina nufin asalinka". Mai tambayar sau da yawa ba shi da mugun nufi. Amma wanda ake yi wa ita sau ɗari ya fahimci cewa amsarsa ta farko ba ta gamsar ba.

Hanyoyi huɗu da ke gaban baƙo

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, John Berry, ya sauƙaƙa batun da tambayoyi biyu. Kana son riƙe abin da ka gada? Kana son cuɗanya da sauran jama'ar ƙasa? Wanda ya saki gado ya rungumi sabon wuri ya narke. Wanda ya riƙe gado ya guji jama'a ya keɓe kansa. Wanda ya riƙe biyun ya saje ba tare da ya ɓace ba. Wanda ya rasa biyun kuwa shi ne abin tausayi, ba tsuntsu ba tarko: bai iya harshen iyayensa ba, ƙasar da yake ciki kuma ba ta ɗauke shi nata ba. Binciken da Berry da abokan aikinsa suka yi kan matasa ’ya’yan baƙi a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu riƙe biyun su suka fi natsuwar zuciya da dacewa a makaranta.

Abin da ake yawan mantawa shi ne zaɓin ba a hannun baƙo kaɗai yake ba. Ba ka sajewa da wanda ya rufe maka ƙofa.

Faransa, Kanada, Jamus: gwaji uku

Faransa ta ɗauki hanyar narkewa, kuma tana da hujjarta. Tsarin mulkinta na 1958 ya ce kowa daidai yake a gaban doka ba tare da duba asali, launi ko addini ba. Hukuma ba ta san ƙabila ba, ɗan ƙasa kawai ta sani, shi ya sa ma doka ta takura tattara ƙididdigar mutane bisa launi ko ƙabila. Dokar 1905 ta raba addini da gwamnati, kuma a kanta aka ɗora haramta hijabi da sauran alamomin addini na fili a makarantun gwamnati a 2004, da haramta rufe fuska a bainar jama'a a 2010, da hana abaya a makarantu a 2023. Masu kare tsarin suna cewa makaranta ce wurin da yaro zai shiga a matsayin ɗan ƙasa kawai, ba wanda zai tambaye shi ɗan wa ne. Niyyar tana da kyau a takarda. Amma tarzomar da ta tashi daga Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, a 2005 ta nuna cewa akwai unguwannin bayan gari cike da matasa masu fasfon Faransa waɗanda ba sa jin wannan daidaito a jikinsu. Ƙasar da ta ƙi ƙirga mutane bisa asali tana wahalar auna wariyar da ake yi musu saboda asalin.

Kanada ta bi ta ɗaya gefen. A 1971 Firaminista Pierre Trudeau ya ayyana zaman al'adu da yawa a matsayin manufar gwamnati, a 1988 aka mayar da ita doka. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 23 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne da suka shigo daga waje. Akan kafa misali da ita, kuma ta cancanta. Sai dai a yi adalci: teku ya kewaye ta ta ɓangarori uku, maƙwabciyarta ta ƙasa Amurka ce kaɗai, kuma tun 1967 take tantance masu shigowa da maki bisa ilimi, harshe da sana'a. Wanda ya zaɓi baƙinsa da kansa ba zai yi kukan da wanda jiragen ruwa ke sauke masa mutane da tsakar dare yake yi ba.

Labarin Jamus ne ya fi koyar da darasi, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Jamus ta Yamma sun rasa hannu, sai ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata daga Italiya, Girka, Sifen da wasu, sannan Turkiyya a 1961. Sunan da aka ba su ma "ma'aikata baƙi", da nufin za su yi 'yan shekaru su koma. Su kansu haka suka ɗauka. Don haka babu wanda ya damu da koya musu Jamusanci sosai, babu wanda ya yi tanadin makomar 'ya'yansu. A 1973 aka dakatar da ɗaukar ma'aikatan, da yawa kuwa maimakon su koma sai suka ɗauko iyalansu. Marubucin nan ɗan Suwizalan, Max Frisch, ya faɗi magana a kan irin wannan tsari: an nemi ma'aikata, sai mutane suka zo.

Ga kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1913 da ke bin jini. Yaro a haife shi a Berlin, ya yi makaranta a can, Jamusanci ne harshen da yake mafarki da shi, amma a takarda baƙo ne. Sai a shekarar 2000 aka gyara, aka fara ba ’ya’yan baƙin da suka daɗe a ƙasar haƙƙin zama 'yan ƙasa tun daga haihuwa, shi ma da sharaɗin su zaɓi fasfo ɗaya idan sun girma. A 2024 ne aka buɗe ƙofar riƙe fasfo biyu ga kowa, aka rage shekarun jira daga takwas zuwa biyar. Saboda haka lokacin da shugabar gwamnatin Jamus ta wancan lokaci, Angela Merkel, ta ce a 2010 zaman al'adu barkatai ya gaza gaba ɗaya, ni dai tambayar da nake ganin ta dace ita ce: an taɓa gwada shi da gaske? Shekara kusan arba'in ana ce wa mutane ku baƙi ne, za ku tafi, sannan a juyo ana tuhumarsu da ƙin zama 'yan gida.

Singafo ta zo da nata salon na ƙarfin hukuma: tun 1989 ta ƙayyade adadin kowace ƙabila a rukunin gidajen gwamnati don kada unguwa ta zama ta mutane iri ɗaya, kuma kowane ɗalibi yana koyon Turanci tare da harshen gidansu. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa sun kauce wa tambayar baki ɗaya. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi sun kusa kashi 90 cikin ɗari, amma mafi yawansu ba su da hanyar zama 'yan ƙasa ko da a can aka haife su.

Tsoron 'yan gari ba duka ne ƙiyayya ba

Kuskure ne a ɗauka duk wanda ya nuna damuwa da yawan baƙi mai wariyar launi ne. Dattijon da ya shekara hamsin a unguwa, cikin shekara goma ya ga maƙwabtansa sun canja, ba ya jin abin da ake faɗa a bakin ƙofarsa, yana da haƙƙin ya ji wani iri. Lebura da ke ganin ana ɗaukar wanda zai karɓi rabin ladansa, ko uwar da ke jiran gidan gwamnati shekara da shekaru, damuwarsu ta gaske ce. Sau da yawa masu tsara manufofin shige da fice ba sa zaune a unguwannin da nauyin yake sauka. Ƙasa kuma tana buƙatar abin da ya haɗa ta. Mutane ba sa yarda su biya haraji don a yi wa wani magani, ko su karɓi sakamakon zaɓen da suka faɗi, sai suna jin cewa su da wancan ɗin jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Inda abin yake lalacewa shi ne lokacin da ɗan siyasa ya ɗauki wannan damuwa ya ɗora ta a kan fuskar baƙo, maimakon ƙarancin gidaje ko rashin aikin da ya haife ta. An gani a Ingila a 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport. Aka baza ƙarya a intanet cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka, alhali a Birtaniya aka haife shi. Kafin gaskiya ta iso an far wa masallatai da otal-otal da aka sauke masu neman mafaka.

Gwajin biyayya ma tsohon abu ne. A 1915 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ce babu wuri a Amurka ga wanda ke haɗa sunan wata ƙasa da nasa na Ba'amurke. A 1990 ɗan siyasar Birtaniya Norman Tebbit ya ce a duba wace ƙasa ’ya’yan baƙi suke goya wa baya a wasan kurket. Mafi muni, a 1942 Amurka ta tsare mutum kimanin 120,000 masu asalin Japan a sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, ba don wani laifi da suka yi ba. Sai a 1988 gwamnati ta nemi afuwa ta biya diyya.

Abin da ke faruwa a cikin gida

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya fitowa a labarai, kuma a nan ne ciwon yake.

Ɗauki yarinya 'yar shekara tara da ta raka mahaifiyarta asibiti. Likita yana magana, uwar tana kallon bakin 'yarta, ita ce tafinta. Yarinyar tana laluben kalmar da za ta faɗa wa uwarta sunan wata cuta da ita kanta ba ta san ma'anarta ba. A makaranta ita ke karanta wa iyayenta takardar da malami ya rubuto a kanta. Girma ya juye: ƙaramar ce ta san gari, babba ya koma mai bi. Uban da a ƙasarsu ake tashi idan ya shigo, a nan ɗansa ke gyara masa lafazi a gaban mutane. Irin wannan uba yakan ƙara tsanani a gida, don nan ne kaɗai ikonsa ya rage. Yaron kuma ya fara rayuwa biyu, da fuska ɗaya a gida, wata a waje.

Shekaru su wuce, wannan yarinya ta haifi nata. Ranar hutu a kira kaka a waya, a miƙa wa jika. Kaka ta jero gaisuwa da addu'a, jika ya yi murmushi ya amsa da kalma biyu da ya haddace, sai shiru, ya mayar wa uwarsa wayar. Masana harshe irin su Joshua Fishman sun daɗe da lura da wannan: masu zuwa suna magana da harshen gida, 'ya'yansu suna jin biyu, jikoki sai harshen ƙasa. Wato abin da 'yan gari suke tsoro, cewa baƙi ba za su koyi harshen ƙasa ba, ba shi ne yake faruwa ba idan aka bi zuri'a. Harshen gado ne yake mutuwa, kuma cikin sauri. Haka ya faru da Jamusawa da Italiyawa a Amurka.

Akwai iyayen da da kansu suke daina yi wa yara harshen gida don gudun kada ya rikita su a makaranta. Wannan asara ce da ba ta da dalili, domin yaro yana iya ɗaukar harsuna biyu tun yana ƙarami. Abin da ya rasa idan aka hana shi ya wuce kalmomi. Ya rasa hira da kakanninsa, ya rasa hanyar sanin dalilin da ya sa iyayensa suke yadda suke. Masanin tarihi Marcus Hansen ya ce abin da ɗa yake son mantawa shi jika yake son tunawa, kuma ana ganin haka a matasan da suke komawa ajin koyon harshen kakanninsu bayan sun girma.

Akwai kuma ciwo na biyu: idan ɗan baƙo ya ziyarci ƙasar iyayensa, can ma baƙo ne. Lafazinsa ya tona shi, ana kiransa da sunan ƙasar da ya fito. Wasu sukan mayar da wannan ƙarfi. A tawagar Maroko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2022, 'yan wasa 14 cikin 26 a waje aka haife su. 'Yan gida ɗaya ma sukan rabu: Jérôme Boateng ya buga wa Jamus, ɗan'uwansa Kevin-Prince ya buga wa Gana, har suka kara da juna a 2010 da 2014.

Tilas tana sa a saje?

A nan akwai shaidar da ta wuce ra'ayi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu jihohin Amurka, ciki har da Ohio da Indiana, sun hana koyar da Jamusanci a makarantun firamare don ’ya’yan Jamusawa su narke. Kotun ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki a 1923. Wata masaniya, Vasiliki Fouka, ta bi sawun yaran da dokar ta shafa, ta gano cewa da suka girma sun fi auren 'yan'uwansu Jamusawa, sun fi raɗa wa 'ya'yansu sunayen Jamusawa, kuma sun fi ja da baya wajen shiga soja da son ransu a Yaƙin Duniya na Biyu. An matsa musu su saki, sai suka ƙara damƙewa.

A Suwizalan kuwa, a da wasu garuruwa ƙuri'a suke kaɗawa kan wanda za a ba takardar zama ɗan ƙasa. Wani masani, Jens Hainmueller, da abokan aikinsa sun kwatanta waɗanda suka tsallake da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da kusan komai nasu iri ɗaya ne. Bayan shekaru, waɗanda aka ba takardar sun fi sanin siyasar ƙasar da shiga cikinta, sun fi jin nan ne gidansu. Ana yawan ɗaukar takardar ɗan ƙasa kamar ladan da ake bayarwa bayan mutum ya gama sajewa. Wannan bincike ya nuna ita kanta takardar tana jawo sajewar.

Sai batun suna. A Faransa masu bincike sun aika wa kamfanoni takardun neman aiki iri ɗaya na wata mai asalin Senegal, a wasu aka sa mata suna Marie Diouf, a wasu Khadija Diouf. An kira Marie kusan ninki biyu da rabi fiye da Khadija. A Boston da Chicago an yi irin wannan gwaji, sunayen da aka san fararen fata da su suka samu kira da kashi 50 cikin ɗari fiye da na baƙar fata. Matashin da ya yi karatu, ya iya harshe, ya kiyaye doka, sannan ya ga sunansa kaɗai yana mayar da takardarsa ƙasan tari, da wane baki za a ce masa laifinsa ne bai saje ba?

Ba matsalar Turawa kaɗai ba ce

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon Turai ne. A Kwaddibuwa, shugaban ƙasar na farko Houphouët-Boigny ya buɗe ƙofa ga manoma daga Burkina Faso da Mali, har baƙi suka kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a. Bayan rasuwarsa a 1993, magajinsa Henri Konan Bédié ya ɗaga aƙidar tantance "ɗan ƙasa na asali". Da ita aka hana Alassane Ouattara takara, da ita aka riƙa tuhumar 'yan arewacin ƙasar saboda sunayensu sun yi kama da na maƙwabta. A 2002 yaƙi ya ɓarke, rikicin bayan zaɓen 2010 kuma ya ci rai kimanin 3,000. Gana ta kori baƙi a 1969, Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar Yuganda a 1972, Najeriya ta yi nata korar a 1983, a Afirka ta Kudu kuma an kashe fiye da mutum 60 a hare-haren ƙin baƙi na 2008. Mai kukan wariya a ƙasar wani yana iya zama mai yin ta a tasa.

To ina iyakar take?

A ganina akwai abin da ƙasa take da haƙƙin nema daga kowa, baƙo da ɗan gari. Harshen ƙasa na farko, domin wanda bai iya shi ba kullum a hannun wani yake, kuma mata ne suka fi cutuwa da wannan idan aka bar su a gida. Sai doka ɗaya ga kowa. Asali ba ya zama hujjar cutar da wani, shi ya sa Ingila ta mayar da auren dole laifi a 2014, kuma daidai ta yi. Sai yarda cewa maƙwabcinka yana da 'yancin da kake nema wa kanka, ko da addininsa ko rayuwarsa ba su yi maka ba. Iyayen da suke tsare 'ya'yansu daga cuɗanya, suna nuna musu ƙasar da suka haife su a ciki kamar gidan abokan gaba, suna jefa yaran cikin wahalar da su ba za su ɗauka ba.

Abin da ƙasa ba ta da haƙƙin nema shi ne mutum ya ji kunyar sunansa, ya daina yi wa ɗansa magana da harshen uwarsa, ko ya riƙa rantsuwar biyayya duk lokacin da wani mai kama da shi ya yi laifi. Dokar Denmak ta 2018, da ta ware wasu unguwanni bisa yawan mazauna masu asalin da ba na Yamma ba, ta wajabta kai yaransu gidan reno awa 25 a mako tun suna shekara ɗaya, ta nuna yadda manufa mai kyau ta koyar da harshe take zama tabo idan asali aka duba wajen zartar da ita.

Ga talaka kuwa, batun yakan ƙare ne a kan takarda. Waɗanda suka je Birtaniya daga yankin Karibiyan tun zuwan jirgin Windrush a 1948 sun shiga bisa doka, sun yi aiki, sun biya haraji, sun haifi 'ya'ya da jikoki. A 2018 ta bayyana cewa an kori wasunsu daga aiki, an hana su magani, an tsare wasu har an tasa ƙeyarsu, saboda ba su da takardun da ba a taɓa ce musu su ajiye ba. Sakatariyar harkokin cikin gida Amber Rudd ta sauka a kan haka. Fasfo biyu ma ba ko'ina ake yarda da shi ba: Indiya da Sin ba sa amincewa, don haka karɓar sabuwar takarda yana nufin sakin ta gida.

Tsakanin abin da ya wajaba da abin da bai wajaba ba akwai fili mai faɗi da kowace ƙasa take ja a kai har yau. A Kanada wani matashi mabiyin addinin Sikh, Baltej Singh Dhillon, ya nemi shiga rundunar 'yan sandan tarayya da rawaninsa da gemunsa. Aka yi ta tattara sa hannun masu adawa, suna cewa hular rundunar alama ce ta ƙasa da ba a taɓawa. A 1990 gwamnati ta gyara ƙa'idar, ya shiga, ya yi aiki shekaru masu yawa. A cikin wannan ƙasa dai, lardin Kebek ya kafa doka a 2019 da ta hana sababbin 'yan sanda da malaman makarantun gwamnati sanya alamar addini a bakin aiki. Matashi mai rawani irin na Dhillon yana iya zama ɗan sandan tarayya a Kanada yau, amma rundunar lardin Kebek ba za ta ɗauke shi da rawanin ba.